Rarar Da Na Bari a Rigunan Malama Rifkatu

Ajiye almakashin nan. Ke nake wa magana, ajiye shi a kan tebur kafin raina ya ƙara ɓaci. Wa ya gaya miki idan an tsuke riga ana yanke abin da ya saura a ciki? A waya kika gani, ko? To duk ku ɗaga ƙafa daga kan keke ku juyo nan. Kun daɗe kuna ganin ina faɗa a kan rarar ɗinki, kuna haɗa ido kuna murmushi, kun ɗauka rigimar tsufa ce. Yau za ku ji dalili.

Kowaccenku ranar da ta zo na tambaye ta me take son zama, sai ta gyara gashi ta ce stailis. Ba tela ba, a'a, tela sunan 'yan ƙauye ne. Stailis ita ce mai zama a Abuja cikin sanyin esi, ta kalli hoton mace a waya ta ce kore ne zai karɓe ta, ta cusa riguna a kwali ta ba direba. Ba ta taɓa durƙusawa a gaban mace da fil a baki ba. Ba ta taɓa zagaya tef a ƙirjin wadda ta sha rana a kan acaba daga Manchok ba. Wannan aikin kuke so, don kun ga babu gumi a cikinsa. To ni na san kwalin nan fiye da ku, don ya kusa cinye mini mutum ina kallo.

Rigar farko da aka bar ni na yanka yunifom ce ta wata 'yar firamare, shuɗiya mai farar kwala. Lokacin ina koyo a wurin Mama Asabe, a bayan kwatas ɗin 'yan reluwe, zamanin da jirgi ke tsayawa a garin nan ana sauka kamar ranar kasuwa. Kafin a kai ga ba ni yadi na sha hura gawayin dutsen guga, na sha share zare, na taka keke a kan takardar buhun siminti har layina ya miƙe. Da aka ba ni yunifom ɗin na auna, na yanka daidai jikin yarinyar, na ɗinka, na bi ciki da almakashi na share shi tas, na tsaya ina jiran yabo. Mama Asabe ta juya rigar ciki waje, ta dube ni ta saman tabarau.

"Hannatu, Allah ya gaya miki yarinyar nan ta gama girma ne?"

Ta ɗauki rula ta ƙwanƙwasa mini a yatsu. Ta ce jikin mutum ba katako ba ne, yau ya hau gobe ya sauka, tela kuma ba don yau kaɗai take ɗinki ba. Ta haɗa yatsu biyu ta nuna mini: haka za ki bari a kowane gefe, ki ninke, ki goge ya kwanta. Ku kuna ce masa alawas, mu rara muka sani.

Doka ta biyu a kan tef ta kafa mini ita. Ta ce tef ba ya ƙarya kuma ba ya jin kunya. Kafin miji ya san matarsa na da ciki, tela ta sani. Kafin fasto ya san gidan da ake kwana babu tuwo, tela ta sani. Ta ce abin da tef ya gaya miki tsakaninki ne da mai jikin, ita za ki iya yi wa magana har ku yi faɗa, amma ranar da ya fita ƙofar shago ta bakinki, ki ɗaure kayanki ki koma ƙauyenku. Da dokokin nan biyu da baƙin keke mai ƙafa ta sallame ni, shi ne wancan na lungu da kuke ajiye caja a kansa. Da su na ɗinka wa matan 'yan reluwe, da malaman makaranta, da zumuntar mata ta coci-coci, da Hajiyoyin cikin gari da ke aiko mini atamfa kafin salla. Babu wadda ta taɓa jin maganar jikinta a bakin wata.

Shekarar da citta ta ruɓe a ƙasa kuna nan, ba labari ba ne. Kun dai ga manoma na kuka, amma ba ku ga yadda abin ya sauko kan tebur ɗin nan ba. A da, idan Disamba ta kama, matan Fadan Kagoma kan shigo da sabbin atamfofi a ka, ba wurin zama a shago. Shekarar nan kuwa har aka fara waƙoƙin Kirsimeti a coci ban yanka sabon yadin kirki ba. Tsofaffin kaya aka riƙa kawowa. Wata mata ta zo da rigar 'yarta ta bara, tana jin kunyar buɗe leda, ta ce ko za a iya yin wani abu. Ɗinkina ne. Na sa reza na farke gefe, na saki ƙasa, na goge, na ɗora mata ɗan leshi a kan tsohon layin don kada ya nuna. Yarinyar ta je coci da riga daidai jikinta. Waɗanda suka kawo kayan kanti kuwa, haƙuri na riƙa ba su, don injin wibin, mai datse gefen yadi, ya cinye gefen har bakin zare, babu abin da za a saki. Da reza da dutsen guga na ci abinci a shekarar nan, almakashi ya huta.

Bayan wannan ne kwali ya shigo rayuwata, ta hannun Malama Rifkatu. Da izininta nake ba ku labarin nan. Kun san ta, tsohuwar hedimistires, doguwa, mai muryar da ke tsayar da yaro daga wancan gefen titi. Cocinmu ɗaya, zumuntarmu ɗaya. Tun tana sabuwar malama nake mata ɗinki. Na saki mata riga lokacin cikin 'yarta, na tsuke mata lokacin da maigidanta ya rasu, babu wanda ya taɓa sa mata tef sai ni. 'Ya ɗaya gare ta, Salomi, tana aiki a Abuja. Yarinyar kirki ce, kada ku ji na yi faɗa ku ɗauka ba ta son uwarta. Son ne ma ya jawo abin.

Salomi ta zo hutun Ista ta shigo gaishe ni, tana ta murna.

"Anti, na yi wa Mama rajista. Yanzu ta huta da yawon tela."

Na ce, "Yawon wa?"

Ta yi dariya ta ce ba haka take nufi ba. Ta bayyana mini: akwai wani kamfani, ka tura musu awon mutum da hotonsa sau ɗaya, su ba shi stailis tasa. Duk wata sai a zaɓo riguna a turo a kwali. Mutum ya gwada, ya ɗauki hoto ya tura musu, wadda yake so ya riƙe, wadda ba ya so ko ba ta yi masa daidai ba ya mayar. Da abin da ake mayarwa ne suke gane yadda jikin mutum yake, su gyara na gaba. Ta ce har awon da na yi wa Malama na ƙarshe ta tura musu. Kun ji? Awona, da tef ɗina, aka ɗauka aka ba wata ta ci abinci da shi. Na haɗiye na ce Ubangiji ya sa albarka.

Kwalin farko ɗan acaba ne ya ɗauko shi daga tasha, Malama ta sa ya sauke a nan, don ta ce ba za ta buɗe ita kaɗai ba. Gaskiya ɗaya zan faɗa, yarinyar ta iya launi. Akwai wata riga ruwan ƙasa da ta haska Malama har na ji haushi. Amma da na juya cikinta, abin da na zata shi na gani, an aske gefen ƙal, ko ƙwayar rara babu. Akwai kuma wata mai tsaga har gwiwa. Na ce, "Malama, wannan kam mayarwa za a yi, da ita za ki tsaya karatun Littafi?" Ta dube ni kamar na zage ta.

"Kayan da 'yata ta aiko mini ne zan mayar? A gidanku haka ake yi?"

Kun ga inda aka samu matsala. Su can sun gina aikinsu a kan mutum zai mayar da abin da bai yi masa ba. Mu kuwa a nan, abin da ɗanka ya aiko, ko buhu ne, ka karɓa da hannu biyu ka ce an gode, ya yi daidai. Malama ba ta taɓa mayar da ko ɗankwali ba. Duk wata amsarta ɗaya ce: sun yi kyau, sun yi daidai, Allah ya yi albarka. Wanda ya zauna ya tsara wannan sana'a bai tambayi ko tsohuwa ɗaya daga ƙasar nan ba.

Hoton ma ni nake ɗauka. Idan Malama ta gwada da kanta, silin ne ke fitowa da rabin goshinta. Saboda haka duk wata sai ta zo nan, ta shiga bayan labule ta sa riga, ta tsaya gaban madubin nan, in ɗauka, ta tura wa Salomi da stailis a wuri ɗaya. Ni da aka ce an huta da ni, na koma mai ɗaukar hoton kayan wata.

Gyaran farko ƙarami ne. Damina ta fara, ta kawo wata riga ta ce ta ɗan yi mata yawa a kunkumi, in kama mata kafin hoto. Na kama da fil, na bi da keke, na ninke abin da ya saura ciki na goge. Aikin kullum ne, ban kawo komai a raina ba. Wata na gaba ta sake kawowa, sai da na shiga ciki fiye da na baya. Wanda ya biyo kuma har da kafaɗa. A nan na ɗauko tef na zagaya ta, na duba, na sake zagayawa.

Na ce, "Malama, jikin nan sauka yake yi."

Ta ce, "Azumi muke yi, ko ba a cocin kike ba?"

Na ce, "Azumin ya ƙare tuntuni, kuma tare muka yi, ga ni nan ko ɗamara ban rage ba."

Ta ce in yi aikina. Na yi, amma idona na kanta. Mace ce da za ta zauna a bencin nan ta shanye ledojin ruwan fiya wata ɗaya bayan ɗaya, ta tashi ta zaga baya, ta dawo ta sake neman ruwa. Ta daina sa takalmi mai rufi, wai ta yi tuntuɓe a yatsa, ciwon kuma ya ƙi warkewa. Daga tasha zuwa nan sai ta huta a hanya. Na yi mata maganar asibiti da lallashi, na yi da faɗa. Na san abin da ke ranta. Maigidanta da ƙafarsa ya shiga asibiti, gawarsa aka fito da ita a mota, tun daga nan ko warin wurin ba ta so. Tana shan jiƙe-jiƙe, tana addu'a, ta ce Salomi na fama da aiki da haya, ba za ta ɗora mata wani kaya ba. Da na ce to zan kira yarinyar, sai ta miƙe tsaye, ta dawo hedimistires.

"Hannatu, idan maganar jikina ta fita ta bakinki, ko gawata kada ki zo."

Lambar Salomi na cikin wayata. Ba sau ɗaya na buɗe ta na zauna ina kallo ba. Amma mace ta tuɓe a gabana don ta yarda da ni, kuma abin da ya sa matan garin nan ke shiga bayan labulen can ba tare da fargaba ba ke nan. Idan na sayar da Malama yau don alheri, gobe wa zai yarda cewa ba zan sayar da wata don daɗin baki ba? Haka na riƙa juya abin ina ɗinki, ina ɓata layi ina farkewa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kwalin bai fasa zuwa ba, da saiz ɗin da, na awon Ista. Duk wata ga saƙon stailis: Momi kin yi kyau, Momi launin nan naki ne. Salomi kuma ta turo hoton zuciya ja. Mutum na narkewa a gabana, su suna can suna tafi. Kuma da hannuna ake yin abin, don ni ke sa rigar ta zauna daram a hoto. Ɗaya dai ban yarda na yi ba. Duk yadda rarar ta yi yawa, har Malama na ƙorafin tana mata nauyi a gefe, ban sa mata almakashi ba. Ta ce in yanke mana, me za a yi da ita? Na ce ba a yankewa a shagona, in tana son mai yankewa ga su nan cike da layi. Na san ba za ta je ba, ba za ta tuɓe wa yarinyar da ta koya wa karatu ba.

Ana gab da godiyar kaka ta kawo wata riga ruwan goro mai faɗin wuya. Ita za ta sa ranar, don zumunta ta zaɓe ta ta yi jawabi. Ta fito daga bayan labule tana riƙe da wuyan rigar da hannu ɗaya don kada ta zame. Na je bayanta na tattara yadin da zan kama, sai ya cika mini hannu taf. Ƙasusuwan bayanta na taɓa yatsuna. Na fara sa fil, na sa, na sa, sai na ga idan na bi wannan layin rigar 'yar sakandare zan fitar. Na tsaya. Na zare fil ɗin ɗaya bayan ɗaya na mayar cikin gwangwani.

Ta ce, "Me kike yi?"

Na ce, "Ba zan kama ba."

"Ban gane ba."

"Kin gane, Malama. Bakina kin ɗaure shi, kuma zai zauna a ɗaure, ba zan kira kowa ba. Amma keke nawa ne. Na gama ɗinka ƙarya."

Kai, ranar na ji Turanci! Ta ce ni wace ce, ta ce tela ce ni ko likita, ta ce abin da ake biya na in yi shi zan yi. Na ce yau ba na sayarwa. Ta ce to in mayar da fil ɗin ta baya in ɗauki hoto ta gaba, ba wanda zai gani. Na ce idan hoto take so zan ɗauka, amma yadda take ɗin nan, ba fil ba dabara. Ta san idan hoto bai je ba Salomi za ta kira ta bidiyo ta ce a nuna mata riga. Muka tsaya muna kallon juna ta cikin madubi. Ni ina huci, ita tana huci, sai dai nata hucin na gajiya ne. Ta daɗe tana kallon kanta. Ina jin ranar ce ta fara duban madubin nan da gaske, don a da rigar take dubawa. Can ta sauke hannun da ke riƙe da wuyan, rigar ta zame ta bar kafaɗa ɗaya a waje, ƙashin wuya ya fito fili.

Ta ce, "To ɗauka. Tunda kin fi kowa taurin kai, ɗauka."

Na ɗauka, na miƙa mata wayar. Da yatsanta ta tura, ba da nawa ba. Ta zauna a benci ta ce in ba ta ruwa.

Saƙon stailis ne ya fara shigowa, na murya. Malama ta danna, muryar ta cika shagon nan, da Turancinta na hanci, tana dariya. Wai Momi, kin ga yadda kika rage jiki kuwa? Wai mun taya ki murna, ki gaya mana sirrin, wata mai zuwa za mu turo ƙaramin saiz. Jama'a! Taya murna! Da yarinyar nan na kusa da ni, da sai an riƙe ni. Mace ta zama ƙashi da fata, ke abin da kika gani shi ne saiz. Ban ce muguwa ba ce, ban san ta ba, wataƙila mata da yawa take dubawa a rana, kuma an koya mata cewa duk wadda ta rame ta ci riba. Amma aikin da zai sa ki kalli wannan hoton ki yi dariya, ni ban kira shi aiki ba.

Muryar ba ta gama ba kiran Salomi ya shigo a kanta. Malama ta bar shi yana ƙara, ta dube ni, na juya na kama goge wata riga da na riga na goge. Ta ɗauka. Daga inda nake ina jin yarinyar na cewa, "Mama, mene ne wannan? Mama, me ya same ki?" Malama ta buɗe baki za ta ce azumi, sai ta fasa.

Washegari Salomi ta iso. Kafin ta wuce da uwarta Jos sai da ta tsaya a ƙofar nan, ko gaisuwa babu.

"Anti, kin sani. Duk watannin nan kin sani, kina tsuke mata kaya ina ganin hoto ina murna."

Na ce, "Ni tef nake sa mata. Ke yaushe rabon da ki sa mata hannu?"

Ta ce, "Da kin bar rigar farko yadda take, da tun damina na zo."

Na ce, "Da kwalinku na da ido, da bai jira ni ba."

Muka rabu a haka, kowa da zafinsa. Maganarta ta shige ni, tawa ma na san ta shige ta. Likitoci suka ce ciwon suga ne, ya yi nisa, kuma da an ƙara jinkiri da ba yatsa kaɗai za a yi magana a kai ba. Yatsan dai bai tsira ba. Daga Jos Salomi ta wuce da ita Abuja. Ranar godiyar kaka wata ce ta yi jawabin, ni kuwa ina zaune a layin zumunta ina kallon wurin zaman Malama.

Ba ta kira ni ba. Na kira, ba ta ɗauka ba. Na aika gaisuwa ta bakin matar fasto, aka dawo mini da cewa ta ji. Kirsimeti ta wuce, Ista ta zagayo. Na ce shi ke nan, na rasa kwastoma na rasa ƙawa, duk a kan kwalin da ban aika a kawo ba. Na ji zafin abin ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Duk ɗan acaban da ya tsaya a ƙofar nan da kwali sai gabana ya faɗi.

Wata ranar kasuwa ina durƙushe ina kama ƙasan siket ɗin wata, sai na ji an ce, "Har yanzu ba a share gaban shagon nan da safe?" Murya ɗaya ce a garin nan mai wannan iko. Na ɗago. Tana tsaye da sanda, tana ɗan ɗingishi, da jakar bako a hannu. Ba ta ce sannu ba, ba ta ce yaya bayan rabuwa ba. Ta jira na sallami mai siket, ta zauna a bencinta, ta zuge jakar. Rigunan kwali ne, duk waɗanda na tsuke. Ta zaro ta ƙarshe da na kama kafin faɗanmu ta jefa a kan tebur.

"Wannan ta fara matse ni a hammata."

Na ce, "Tashi in gani."

Na zagaya tef. Ya hau. Ba da yawa ba, amma ya hau. Na sake zagayawa don in tabbata, ta ce, "Sau nawa za ki auna, ko idon ne ya tafi?" A lokacin kuwa idon ba ya gani sosai. Na juya rigar ciki waje. Yadin na nan a ninke inda na kwantar da shi, ko zare ɗaya bai ɓata ba. Na ɗauko reza na fara farkewa, tana leƙowa ta kafaɗata.

Ta ce, "Ashe ba ki yanke ba."

Na ce, "Na gaya miki ba a yankewa."

Ta ce, "To kada ki saki duka. Ki bar saura, ban gama hawa ba."

Kwalin har yau yana zuwa, kada ku ɗauka an daina. Salomi ta ce uwarta na jin daɗin launukan, ni kuma har gobe idan na juya cikinsu sai na yi tsaki. Sai dai yanzu Salomi ce take kawo shi da kanta, ta zauna a nan ana gwadawa, ta riƙe mini gwangwanin fil. Rigunan jakar bakon kuwa muna bin su a hankali, daga ta ƙarshe muna komawa baya. Saura biyu mu kai ta farkon damina.

Yanzu ɗauko rigar da kika so yankewa. Ta wace ce? Ba ki ma tambaya ba, ko? Ta matar nan ce mai sayar da doya, wadda ta yi jinya kwanan baya. Ninke rarar ciki, ki sa dutsen guga ya kwantar da ita. Matar za ta dawo nemanta.